Shekarar da Aka Hana Mu Saran Gawo

Ƙarfe goma saura kwata na safe, ranar shida ga watan azumi, Malam Tanimu malamin daji ya jingine kekensa a gindin gawon gonata ya ce in sauko. Na san lokacin daidai, domin da agogo a hannunsa, kuma sai da ya duba ya faɗa a fili kafin ya rubuta a ɗan littafinsa. Mu huɗu ne a wurin. Akwai shi. Akwai ni, ina bisa da gatari. Akwai yayana Mamman, yana ƙasa yana janye rassan da nake jefowa. Sai Buba, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gonarmu a gefen Kahu, wanda ya zo aron igiyar guga bai kai ga tafiya ba. Shanun huɗata biyu, Dogo da Ƙosau, suna ɗaure a inuwa suna cin ganyen.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne bana azumi ya gama zagayensa ya dawo tsakiyar bazara, inda ya same mu a waccan shekarar, 'yan shekaru kaɗan kafin Turawa su sauka daga mulki. Shekara talatin da uku ke nan. Zafin bai sake ba. Kafin hantsi duwatsun bayan gari sun ɗauki wuta, iska ta tsaya cak, yawu ya yi kauri a baki, kaji su shige ƙarƙashin rumbu baki buɗe suna haki. Abin da ya sake shi ne yanzu yarana suna kawo ƙanƙara daga Rano a bayan babur, kuma mai dabba yana iya sayen buhun dusa a kasuwar Kibiya. A wancan lokaci ruwan randa muke sha, dabba kuwa abin da gona ta bari shi take ci. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Farkonsa daminar da ta gabata ce. Ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai. Gero mun samu, dawa rabi, wake kuwa ko fure bai gama ba ya bushe a tsaye. Wanda bai sami wake ba bai sami harawa ba, ta gyaɗar da na ɗora a rumfa kuma ba ta kai rabin ta kullum ba. Na biyu, bayan kaka wuta ta tashi a duwatsu, ba a san wanda ya sa ta ba, ta lashe ciyawar da muke dogara da ita. Na uku, shanun da ke wucewa kudu suka share karan gonaki da wuri. Kafin a ga watan azumi harawata ta ƙare, karmami ya ƙare, ƙashin bayan Ƙosau ya fara fitowa. Shi ne mai yawan ci, shi ya fara ramewa.

Shanun nan biyu su ne ƙarfin gidanmu. Shekara uku na yi ina horar da su kafin su san muryata su miƙe kunya ba tare da an ja su ba. Da su nake huɗe gonata, da ta Yaya Mamman, da ta gwaggonmu wadda ba ta da ɗa namiji. Sa ɗaya ba ya jan garma. In ɗaya ya faɗi, gonakin uku sun koma garmar hannu.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san halin gawo. Da damina, lokacin da kowane itace ke kore, shi zubar da ganyensa yake ya tsaya ƙaya zalla, shi ya sa dawa ke kyau a ƙarƙashinsa, ba ya tare mata rana. Sai ruwa ya ɗauke, ko'ina ya bushe, sannan ya yi ganye. A bazara ba abin da ya rage wa dabba sai shi. Gawo uku mahaifinmu ya bar mana a gonar, ya kuma bar mana yadda ake saransu. Ba a taɓa kan itacen. Ba a saran reshen da ya fi cinyar mutum kauri. Ana fara sara ta ƙasan reshe kafin ta sama, don kada ɓawo ya tsage ya bi jikin itacen. Wanda aka sara bana sai ya huta shekara biyu. Haka muka taras ana yi, kuma itatuwan sun girmi mahaifin namu.

Na sauko. Malam Tanimu ya zaro takarda daga jakarsa ya karanta mana. Ta ce daga ofishin daji an hana datse reshen ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka da gawo, ko a daji ko a gonar mutum, sai da damina, lokacin da itace ke da ƙarfin tofowa. Wanda ya saɓa a karɓe gatarinsa a ci shi tara.

"Ba ni in gani," na ce.

"Ka iya karatu ne, Malam Iro?"

"Aji huɗu na yi a elementare. Ya isa takarda ɗaya."

Ya miƙo mini, na karanta sau biyu. An buga ta da tafireta, da hatimin ofis, da sa hannun mutum ɗaya a ƙasa. Na nemi abin da na saba gani a dokokin da ake mannawa a ƙofar hakimi, wato cewa majalisa ta zartar kuma Razdan, Baturen lardi, ya amince. Ban gani ba.

"Yaushe aka yi shelar wannan a kasuwa?"

"Ga shi ina yi maka shelar."

"Bayan ka kama ni?"

Buba ya matso, sandarsa a wuya. "Malam, da damina ka ce a sara?"

"Da damina."

Buba ya ɗaga kai ya dubi gawon, ya dubi malamin.

Malam Tanimu ba mugun mutum ba ne. Ya ce shi ɗan aike ne, ba shi ya rubuta ba. Ya ɗaure gatarina a bayan keke ya ce hanya biyu ce: ko in je gidan dagaci in biya tara a mayar mini da gatarina, ko mu haɗu gaban alƙali a Rano. Na ce mu haɗu gaban alƙali.

Da magariba muka sha ruwa a zaure, kunun tsamiya da kwaɗon zogale. Ƙosai babu shi a shekarar, tunda ba wake. Yaya Mamman ya jira sai da na ajiye ludayi.

"Iro, gobe ka je ka biya tarar nan."

"In na biya na yarda doka ce."

"Ka yarda a baki, sannan ka yi yadda kowa zai yi. Mutumin nan keke ɗaya gare shi, ƙauyuka nawa ne a hannunsa? Ana idar da sallar asuba ka hau, kafin ya ɗaura agogonsa ka sauko."

"In shiga gonar ubana kamar ɓarawo?"

"Uban naka ma da yana raye haka zai yi."

"Yaya, bana gawo ne. In muka yi shiru, baɗi wani ya zauna a ofis ya rubuta cewa sai da izininsa za ka haƙa rijiya a tsakar gidanka."

"Baɗi daban. Ni shanun bana nake ji."

Na kawo wannan ne don a san ba ido rufe na shiga ba. An gaya mini, kuma wanda ya gaya mini ya girme ni, ya fi ni sanin dabba.

Ranar tara ga wata muka kama hanyar Rano bayan asuba, ni da Buba. Yaya ya ce ba zai je kallon ƙaninsa yana faɗa da takarda ba. Tun kafin mu hango gari rairayi ya fara ƙona ƙafa ta cikin takalmi.

"Kai Kaɗo," in ji Buba, "kana tafiya kamar kai aka ɗaura wa garmar. Azumin Kaɗo da wuya yake."

"Ku da kuke sahur da nono ai dole ku yi baki."

"Bana nonon yana ina? Ka zo ka ga shanun, ko ɗan maraƙi ba sa ƙosarwa."

Alƙalin tsoho ne siriri, zaune a kan buzu, muhutinsa a gefe da tawada da babban littafi. Aka gama da wasu masu rikicin iyakar gona, aka kira mu. Malam Tanimu ya faɗi ƙararsa, ya faɗi rana da lokaci, ya ajiye gatarin a ƙasa.

"Gatarinka ne?" in ji alƙali.

"Nawa ne, Allah ya gafarta Malam."

"Ka sari gawon?"

"Na sara."

"To, kun hutar da ni. Me ya rage?"

"Allah ya gafarta Malam, ban zo musun sara ba. Takardar da aka kama ni da ita nake ƙara. Na ce ba doka ba ce."

Aka yi gunaguni a bayan ɗaki. Na ji wani yana cewa azumi ya taɓa mutumin nan. Dogari ya tsawatar. Alƙali ya ce tsawon zamansa a kan buzun nan an kawo masa ƙarar mutum, an kawo masa ta jaki, amma ba a taɓa kawo masa ta takarda ba. Ya ce in faɗi hujjata.

Na ce uku ce. Ta farko, ba a yi shelarta ba, ba a kasuwar Kibiya ba, ba a ta Rano ba, kuma ba a kama mutum da dokar da ba a sanar da shi ba. Ta biyu, mutum ɗaya ne ya sa mata hannu, babu majalisa a jikinta. Ofishin daji aikinsa tsare doka ne, ba yin ta ba. In kowane ofis zai riƙa yin tasa, gobe malamin tsabta ya yi tasa, jibi malamin dabbobi ya yi tasa, talaka bai san ta wa zai bi ba. Ta uku na ce Buba ne zai faɗa, don ya fi ni sanin ta.

Buba ya ajiye sanda a ƙofa ya durƙusa.

"Allah ya ja zamanin alƙali. Ni ban yi boko ba, amma na ji takarda ta ce a sari gawo da damina. Alƙali yana da gona?"

"Yau kuma ni ake yi wa tambaya? Ina da ita."

"Da gawo a ciki?"

"Biyu."

"To, da damina me ke kansu?"

Alƙali ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki. Ɗakin ya ɗauki dariya, har dogarin da ke tsawatarwa.

"Ƙaya," in ji Buba. "Kuma da damina ciyawa har gwiwa, wace saniya za ta dubi ƙaya? Wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa tsayawa gindin gawo ba. In ma ya tsaya, bai ɗaga kai ba."

Na ɗauka an gama. Ba a gama ba. Alƙali ya jira ɗaki ya yi tsit.

"Maganar Bafulatani gaskiya ce," ya ce, "amma ba ita ce shari'ar ba. Doka tana iya zama marar kan gado, kuma ta zama doka. Abin da zan bincika shi ne ko wanda ya yi ta yana da ikon yin ta. Amsar wannan ba ta cikin ɗakin nan."

Ya sa muhuti ya rubuta wasiƙa zuwa birni, a tambayi majalisa ko ta san da takardar. Sannan ya juyo gare ni.

"Kafin amsa ta zo, takardar nan tana nan a tsaye. Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa gawo ba, kai ko wani a madadinka."

"Kwana nawa, Allah ya gafarta Malam?"

"Ban sani ba. Azumi ne, ofisoshi da wuri suke tashi."

Na tuna ƙashin bayan Ƙosau. Na ce na yi alkawari.

A hanyar komawa na gane abin da na yi wa kaina. Duk ƙauyen za su ci gaba da hawa da asuba, dabbobinsu su ci. Ni da na kai magana gaban hukuma, ni kaɗai aka ɗaure.

Ga yadda kwanakin jiran suka kasance. Bayan sahur mai ɗakina, Hassu, ta tara ƙasarin da ta wanke gero da shi, ta haɗa da 'yar dusar da ta fita daga surfe. Bayan asuba in kai musu, Dogo ya lashe nasa har ya riƙa tura kwaryar da hanci. Daga nan in ɗauki buhu in bi gindin itatuwa ina tsintar 'ya'yan gawon da suka faɗo da kansu, don alkawarina bai hana tsintuwa ba. Amma awakin gari sun riga ni. In yi yawo har rana ta take, in dawo da abin da bai cika hula biyu ba. Da azahar ba a iya komai. Mutum ya jiƙa zane ya lulluɓa ya kwanta a zaure, kafin ya juya zanen ya bushe. Rijiyarmu ta ja baya, sai a jefa guga a jira ruwa ya tsatso, a jawo rabi da laka. Da la'asar nake shayar da su. Ina ja ina jin sanyin ruwan a tafin hannuna, maƙogwarona kamar an zuba toka. Da yamma hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya yi cida, mu fito muna kallo, sannan ya watse ya bar mu da zafin da ya fi na rana.

A rana ta biyar muka fara kwance bunun rufin zaure, a yayyafa masa ruwan kanwa don su karɓa. Dogo ya ci. Ƙosau ya shinshina ya kau da kai, sai da yunwa ta kai masa ko'ina ya ɗan taɓa. Da na zaure ya ƙare, Hassu ta kwance na madafinta ba ta tambaye ni ba.

"Malam, na ba su rufin madafi," ta ce. "In ruwa ya sauko kai za ka tsaya a kaina da faifai har tuwo ya nuna."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan shari'ar, daga farkonta har ƙarshenta.

Wata safiya na fito na tarar da Yaya Mamman a bakin turke da dami na ganyen gawo a ka, ɗanye shar, daga gonar surukinsa. Shanun sun ji ƙanshin. Ƙosau yana jan igiya har yana tuntuɓe.

"Ba kai ka sara ba," ya ce. "Ba kuma gonarka ba ce."

"Na ce ni ko wani a madadina."

"Wa zai gani?"

"Kashinsu ma zai nuna. Malam Tanimu ya biyo ya ga ganye a turkena, shi ke nan an bar maganar takarda an koma maganar Iro maƙaryaci. Yaya, mayar da shi."

"Dabba ba ta yi alkawari ba, Iro. Kai ka yi."

Na sauke masa damin da hannuna na kai wa awakinsa. Kukan da Ƙosau ya yi a bayana ban taɓa jin ya yi irinsa ba.

Daga ranar sha bakwai ga wata Ƙosau ya daina tashi da kansa. Sai mu zura sanduna biyu ta ƙarƙashinsa, mu huɗu, kowa da azumi a bakinsa, mu ɗaga shi ya tsaya yana rawa, domin sa in ya kwana biyu a ƙasa ba ya sake tashi. Sau biyu na koma Rano tambaya, muhuti ya ce ba amsa tukuna. Ranar ashirin da ɗaya muka ɗaga shi, muka zare sandunan, ya zube. Buba ya buɗe idonsa ya duba, ya ja fatar wuyansa ta tsaya ba ta koma ba.

"Malam Iro," ya ce, ranar bai ce mini Kaɗo ba, "a kawo wuƙa tun yana halal."

Aka yanka shi da hantsi. Naman ba kitse ko kaɗan, ɓargon ƙashinsa ya zama ruwa. Aka raba gida-gida. Yaya Mamman ne ya riƙe ƙahon. Da ya wanke hannu ya dube ni.

"Ga hukuncinka ya fito, tun kafin na alƙali."

Ban ci naman ba, Hassu ma ba ta sa a miya ba.

Ranar ashirin da biyar aka aiko kirana. Muhuti ya miƙe ya karanta amsar birni. Majalisa ta ce dokar daji da ta zartar tana nan daram: ba a sare itacen amfani daga tushe, ba a sa masa wuta, ba a shiga gandun daji da gatari. Amma maganar datse rassa a gonar mutum ba a taɓa kawo mata ba, ba ta zartar ba, ba a yi shelarta ba. Wani babba ne a ofishin daji ya rubuta wa ma'aikatansa.

"Takardar da ofis ya rubuta wa ma'aikatansa," in ji alƙali, "su ta ɗaure, ba ta ɗaure talaka ba. Ba doka ba ce. Ba laifi a kan Iro, a ba shi gatarinsa." Sannan ya sassauta murya. "Shanun fa?"

"Ɗaya ya rage, Allah ya gafarta Malam."

Alƙali ya ce Allah ya mayar da alheri.

Na ce ina da roƙo ɗaya, a rubuta mini hukuncin in tafi da shi. Muhuti ya ce ba a saba haka ba, ai yana cikin littafin kotu. Na ce littafin kotu ba ya zuwa gindin gawo. Alƙali ya ce a rubuta masa. Na zauna a ƙofa har la'asar, aka fito da shi da hatimi.

Malam Tanimu da kansa ya miƙo mini gatarin.

"Malam Iro, kada ka riƙe ni a zuciya. Ni ma awakin tsohuwata gawo suke ci."

"Wa ke sarar musu?"

"Ni. Da asuba."

Washegari ban hau da asuba ba. Na jira rana ta ɗaga, hanya ta cika da masu zuwa kasuwa, na saɓa gatari na ratsa tsakiyar gari. Na hau gawon da aka sauko da ni daga kansa na ci gaba daga reshen da na bari, ƙasa tukuna sannan sama. Na sara da ƙarfi don a ji. Kafin azahar ana jin gatari a gonakin Kahu duka, rana tsaka, ba mai waiwaye. Daga baya aka gaya mini labarin ya kai har garin Saji kafin Sallah. Dogo kuwa kaɗan-kaɗan na riƙa ba shi, don dabbar da ta daɗe da yunwa in ta ci ɗanyen ganye da yawa kumburi take yi. Sati biyu gashinsa ya fara kwantawa.

Ruwan shuka ya sauka wata guda da 'yan kwanaki bayan Sallah, da la'asar sakaliya, da iska mai ƙarfi a gabansa. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle a ciki. Da lokacin huɗa ya yi Buba ya ara mini wani bijimi da bai taɓa ganin garma ba. Muka haɗa shi da Dogo. Dogo ya miƙe, bijimin ya ja gefe, ya tsaya, ya kwanta a tsakiyar kunya. Kunyoyin shekarar duk a karkace suka fito, masu wucewa suna tsayawa kallo. Gonar Yaya muka gama da ƙyar. Ta gwaggo gayya aka yi mata da garmar hannu. Tawa rabi kawai aka huɗe, rabin ciyawa ta cinye, kuma a shekarar tuwo sau ɗaya ake yi a gidana tun daga rani.

Yaya Mamman bai taɓa sauka daga maganarsa ba. Har ya rasu, in zancen ya taso sai ya ce Iro ya ba da sa ya karɓo takarda. Ban taɓa ce masa ƙarya yake ba. Ƙosau alkawarina ne ya kashe shi, ban ɗora wa kowa ba. Amma da a mayar da ni gindin gawon nan a sake karanta mini takardar, gaban alƙali zan sake cewa. Kuskure ɗaya na yarda na yi. Daga baya muhutin ya gaya mini da na roƙa, kafin in yi alkawari, a bar ni in riƙa saran reshe biyu kullum don dabba har amsa ta zo, da alƙali ya ba ni. Ban san ana roƙon haka ba, kuma ba wanda ya gaya mini.

Makon jiya wani ɗan'uwanmu daga Zinyau ya zo gaishe ni, ya ce wasu samari biyu da babur da takarda suna bin gonaki suna karɓe addar masu saran gawo. Ban ga takardar tasu ba, don haka ba zan ce ba doka ba ce. Mai yiwuwa an yi sabuwa ta hanyar da ta dace. Ni dai gwiwoyina ba sa kai ni kotu yanzu.

Saboda haka ga roƙona ga mai karanta wannan, in kana da gawo a gona da dabba a turke. In aka tare ka, kada ka biya a gindin itace, kada kuma ka koma hawan asuba. Ka karɓi takardar ka duba wanda ya zartar da ita da inda aka yi shelarta. In ba ka gani ba, ka ce ku haɗu gaban alƙali, kuma kafin ka yi wani alkawari ka roƙi a bar dabbarka ta ci. Hukuncin da aka rubuta mini yana cikin akwatina, hatiminsa bai goge ba. Ka zo gidana bayan la'asar da takarda da alƙalami ka kwafa. Asalin ba ya fita daga zaurena.